Baƙon Makankari da Hisabin Mai Kejin Kifi

Jama'a masu saurarenmu, na cikin garin Ɗan Issa da na ƙauyukan da ke kewaye da shi, da masuntan bakin tafkin Madarunfa, da 'yan uwanmu na Jibiya da Magama, waɗanda gulbi ɗaya ya haɗa mu da su tun kafin a shata iyaka a tsakaninmu, ga maganarmu ta yau. 

Mas'alar da za mu duba yau mas'alar dukiya ce, ko da yake mafarinta labarin wata 'yar halitta ce wadda tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Tun da maganar kiwon kifi ta shiga bakin samarinmu, har ana jin wasu suna cewa in Allah ya hore musu za su sa keji a ruwa kamar yadda ake yi a tafkin Volta na ƙasar Gana, ya zama wajibi a kan wanda ya san wata hasara da ke ɓoye cikin wannan sana'a ya bayyana ta tun ba a zuba uwar kuɗi ba, domin nasihar da ta zo bayan dukiya ta nutse sunanta jaje.

Bari mu fara da shi kejin kansa, saboda wanda bai taɓa gani ba. Ana haɗa ƙarafa ko bututan roba su yi kusurwa huɗu, a ɗaura musu ganguna don su yi yawo a kan ruwa, sa'an nan a rataya raga a ƙarƙashinsu ta zama kamar ɗaki a cikin ruwa, a zuba 'ya'yan karfasa a ciki, a riƙa ba su abinci safe da yamma har su isa sayarwa. Fa'idar wannan tadbiri duka guda ce: mai keji ba ya haƙa rami, ba ya sayen ruwa, ba ya biyan kuɗin man da zai canja shi, domin ruwan tafki yana ratsawa ta idon raga dare da rana, yana kawo wa kifi iskar da yake shaƙa, yana kuma kwashe ƙazantarsa ya tafi da ita. Ƙasarmu Nijar ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki, gama tun farkon shekarun 1980 aka jarraba kiwon karfasa cikin keji a kogin Kwara, a yankin Tillaberi. To, ku riƙe wannan a zuciya, don a kansa sauran magana za ta ginu: rayuwar kifin keji, da ribar mai shi, duka suna rataye ne a kan idon raga ya zauna a buɗe.

Halittar da muke nufi dangin makankari ce, mai ɓawo biyu, launinta ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗaukar ido kamar zinariya, asalinta kuwa kogunan kudancin ƙasar Sin. Makankarin da yaranmu suke tsinta a bakin tafki yana kwance ne cikin laka, ɗaya a nan ɗaya a can, ba ya cutar kowa. Wannan baƙon ya saɓa masa da ɗabi'u biyu. Ta farko, yana fitar da wasu zaruruwa masu ƙarfi daga jikinsa, ya maƙale da su a kan duk wani abu mai tauri da ya samu cikin ruwa, dutse ne ko itace, ƙarfe ko igiya, har ma bayan ɗan uwansa, sai su yi ta hawan juna suna yin curi. Ta biyu, wadda ta fi ta farko sharri, 'ya'yansa suna fitowa ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, suna yawo cikin ruwa kamar mako biyu kafin su nemi wurin zama. Saboda haka mutum yana iya ɗibar ruwa garau a jarka, ya rantse babu kome a ciki, alhali ya ɗauki annobar kogi guda a kafaɗarsa.

A shekarar 1991 aka fara ganinsa a Amurka ta Kudu, a bakin kogin La Plata na ƙasar Ajantina, kuma abin da masana suka rinjayar shi ne ya zo cikin ruwan da manyan jiragen teku suke ɗiba a cikinsu don daidaita nauyi, su zubar idan sun isa tashar da za su yi lodi. Waɗanda suka ƙirga a lokacin sun sami guda huɗu ko biyar a faɗin mita ɗaya. Ba a yi shekaru masu yawa ba sai ga shi ana ƙirga wajen 150,000 a irin wannan faɗin. Daga nan ya bi kogin Parana yana hawa sama, yana cin kimanin kilomita 240 a kowace shekara, ba da ƙarfin iyonsa ba, a'a, a maƙale jikin jiragen da ke kai da kawo. A 1998 ya bayyana a kudancin Barazil, a 2001 ya isa babbar madatsar Itaipu da ke tsakanin Barazil da Faragwai, a 2015 aka same shi can arewa maso gabas, a madatsar Sobradinho ta kogin São Francisco, wurin da ruwansa bai haɗu da na Parana ba ko kaɗan. Daga cikin hanyoyin da masana suke tuhuma a wannan tsallaken kuwa har da ruwan da ake jigilar 'ya'yan kifi a ciki. A watan Oktoba na 2024 aka gan shi a Kaliforniya ta ƙasar Amurka.

Barazil tana cikin manyan ƙasashen duniya wajen kiwon karfasa, tana samar da fiye da tan 500,000 a shekara, kuma wani babban kashi na wannan kifi a keji ake kiwonsa, cikin tafkunan madatsun ruwa irin su Ilha Solteira da na kogin Paranapanema. A nan ne baƙon ya iske abin da ransa yake so: ragar da aka rataya masa cikin ruwa mai ɗumi, ga kuma ragowar abincin kifi da kashinsa suna ƙara wa ruwan ƙoshi.

Yanzu sai mu matsa kusa mu duba raga guda. A makonnin farko ba a ganin kome sai santsi da gansakuka, irin wanda kowace raga take yi. Sa'an nan in mutum ya shafa igiyar da hannu sai ya ji 'yan ƙuraje kamar tsakin gero a wurin ƙulli. Bayan 'yan watanni kowane ƙulli ya zama curi, curin nan ya miƙa hannu ga na kusa da shi, idon da dā yatsa biyu suke shiga ya koma ba ya karɓar tsinke. Ruwa ya daina ratsawa. Da asuba, lokacin da iskar ruwa ta fi ƙaranci, sai a ga kifi ya taso sama yana haki, an watsa masa abinci ya ƙi ci, wanda ya ci kuma bai yi ƙiba gwargwadon abin da ya ci ba. In ya firgita ya goga jikinsa a raga, kaifin ɓawo ya yanke shi, ciwo ya sami ƙofa. Ita kuwa ragar, wadda mutum biyu suke ɗagawa da hannu ranar da aka saye ta, ta yi nauyin da take jan ganguna ƙasa, tana lanƙwasa ƙarfe, har wata rana ɗinki ya ɓalle kifin wata shida ya watse cikin tafki.

Mai keji ba shi da zaɓi sai wanki, kuma a wankin nan ne kuɗi suke zurarewa. Ranar wanki sai an fara kwashe kifin an mai da shi wani keji, wanda ma'anarsa dole mutum ya mallaki kejin da ba ya kiwon kome, yana ajiye don wannan rana. Kifin da aka kama aka sake kuwa yakan yi kwana ɗaya ko biyu bai koma cin abinci sosai ba, wani ma ya mutu. Sa'an nan a jawo kejin gaɓa, a ɗaga shi da ƙugiya ko da ƙarfin mutane, a tayar da inji mai feshin ruwa da ƙarfi a bi shi ido-ido, inda feshi ya kāsa a sa ƙarfe a kankare, a bar shi a rana ya bushe. Ga ladan ma'aikata, ga man inji, ga gyaran injin idan ya lalace, ga tulin ɓawo mai wari da sai an nemi inda za a binne shi nesa da ruwa. Feshin da kankarar kuma suna cin ragar kanta, in ta waya ce su ɓare robar da aka lulluɓe wayar da ita, tsatsa ta shiga, abin da aka saya da niyyar ya yi shekaru ya mutu tun ajalinsa bai yi ba. Mafi ɗacin al'amarin shi ne ranar da aka mai da kejin ruwa tsaf, a ranar nan sababbin 'ya'ya suke fara sauka a kansa, domin tafkin duka cike yake da su. Manomanmu sun san misalin wannan a ƙuduji: da zarar irinsa ya zauna a gona, cirar bana ba ta ɗauke wa mutum cirar baɗi.

Wani zai ce, to ai kuɗin wanki ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada su da kuɗin abincin kifi. Gaskiya ne, abinci shi ne yake cin fiye da rabin abin da mai keji yake kashewa. Amma a nan ne masu hisabi da gaggawa suke ruɗuwa, domin sabon nauyi ba a auna shi da uwar kuɗi, da riba ake auna shi. Mu ƙaddara, a bisa misali kawai, mutum ya kashe jika 100 a kan keji guda ya sayar da kifinsa jika 120. Ribarsa jika 20 ke nan. In wanki da gyaran raga da kifin da ya mutu suka ci jika 10, a idon mai kallo kashi ɗaya ne cikin goma na abin da aka kashe, amma a aljihun mai keji rabin guminsa ne ya tafi. Babban kamfani mai keji ɗari yana sayen inji ɗaya ya raba kuɗinsa a kan ɗarin. Talaka mai keji biyu inji ɗayan nan zai saya, ko ya yi haya, ya ɗora shi a kan biyun. Saboda haka irin wannan ibtila'i yakan fara korar ƙananan masu sana'a ne, waɗanda dā ma don su ake cewa a yaɗa kiwon kifi, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna cikin labarin duka.

Ba mamaki wani mai saurare ya tambaya, shin babu maganin da za a zuba ya kashe su? A tashoshin lantarki da na ruwan famfo, inda halittar take toshe bututu, ana zuba sinadarai irin su kulorin, domin bututu abu ne rufaffe, ana iya sarrafa abin da ya shiga da abin da ya fita. Tafki ba haka yake ba. Abin da zai kashe makankari a buɗaɗɗen ruwa zai taɓa kifin da ake kiwo, da na masunta, da dabbar da ta zo sha, da yaron da ya zo wanka. Akwai kifaye a kogin Parana da suka koyi cinsa har suka yi ƙiba da shi, amma haihuwarsa ta fi ƙarfin cinsu. Gwamnatin Barazil ta kafa kwamitin yaƙi da shi tun 2003, ga shi har yau yana ci gaba da yaɗuwa. Ƙasashen duniya kuma sun ƙulla yarjejeniya a kan ruwan cikin jiragen teku a 2004, ba ta fara aiki ba sai 2017, bayan ɓarna ta riga ta auku. Wani bincike da aka buga a 2022 ya tara abin da aka rubuta na hasarar da baƙin makankari iri-iri suka jawo a ruwayen duniya daga 1980 zuwa 2020, ya sami fiye da dalar Amurka biliyan 63, mafi yawansu a Amurka ta Arewa, inda wani ɗan uwan wannan mai zane-zane a baya ya shiga manyan tafkunansu a ƙarshen shekarun 1980.

To, jama'a, teku ce tsakaninmu da wannan halitta, kuma babu jirgin teku da yake tsayawa a Ɗan Issa. Amma wanda ya ce saboda haka maganar ba tamu ba ce, ya tambayi mutanen Yamai labarin wannan irin kainuwa mai shuɗin fure da take rufe fuskar kogin Kwara, tana hana kwalekwale wucewa, tana tsinka koma. Asalinta Amurka ta Kudu ne, ita ma teku ta ƙetaro. Ya kuma tambayi mutanen Haɗeja da Nguru labarin kachalla. Ita kachalla ba daga nesa ta zo ba, tana nan tun dā a gefen fadama ba ta dami kowa ba, sai da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ya saba zuwa ya janye ya koma yana kwanciya duk shekara, sa'an nan ta sami sarari ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan baki mai cin hatsi. Shekara da shekaru ke nan mutanen can suna shiga ruwa da lauje suna aikin gayya, hukuma tana kawo injuna, ana yanka tana tohowa. Hisabin nan ɗaya ne da na mai keji a Barazil, sunan mai cin kuɗin ne kawai ya bambanta.

Ruwanmu kuwa yana da ƙofofi, kuma mun san su. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shigo mana, ya wuce Maraɗi da Tibiri, ya sake komawa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Abin da ya shiga sama zai gangaro ƙasa, ba ya neman takarda a bakin iyaka. Masuntanmu suna tafiya cin rani ruwayen nesa, su dawo da komarsu da kallinsu a ƙunshe cikin buhu, wani lokaci da sauran danshi. Ana ɗora kwalekwale a kan mota daga wannan ruwa zuwa wancan. Ga kuma babbar ƙofa, wato 'ya'yan kifin da ake saye daga wuraren ƙyanƙyasa a zo da su cikin jarka, ko waɗanda ake ɗiba daga wani tafki a zuba a wani don a raya shi. Ku dubi yadda ake yi: mutum ya iso bakin ruwa a gajiye, rana ta take, 'ya'yan kifi sun fara galabaita, sai ya kwance murfi ya tuntsurar da jarkar gaba ɗaya, kifi da ruwan da ya zo da shi. Niyyarsa alheri ce, ba ya kuwa da labarin abin da ke cikin ruwan nan, ko ƙwan wata halitta, ko irin wata ciyawa, ko cutar kifi.

Gyaran wannan ba ya bukatar inji. A juye 'ya'yan kifin a babban baho nesa da gaɓa, a riƙa ƙara musu ruwan tafki kaɗan-kaɗan har jikinsu ya saba, sa'an nan a kwashe su da 'yar raga a kai su ruwa, shi kuwa ruwan tafiya a zubar da shi a kan busasshen rairayi inda ba zai gangara ba. Komar da ta sha wani ruwa a shanya ta sosai kafin ta shiga namu, kwanaki ba yini ɗaya ba, domin manyan makankarin nan suna rufe ɓawonsu su jure kwanaki a waje in akwai laima. Kwalekwale a kife shi, a kankare gindinsa, a tsiyaye ruwan da ya kwanta a cikinsa. Allah ya ba mu rana wadda mutanen wasu ƙasashe suke kashe kuɗi su sami kwatankwacin zafinta, ba a kuwa biyan ko dala a kanta.

Malamanmu na fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, sun kuma yi bayani mai tsawo a kan haƙƙin tarayya cikin ruwa, cewa ba ya halatta mutum ya yi tasarrufi a cikin abin da jama'a suka yi tarayya a kansa ta hanyar da za ta cuce su. Ina ganin babu inda wannan hukunci ya fi dacewa kamar nan, domin a irin wannan musiba wanda ya jawo ta sau da yawa ba ya biyan kome, bai ma san shi ne sababi ba, waɗanda suke biya su ne maƙwabtansa da 'ya'yansu da jikokinsu. Tafkin Madarunfa kuma amana ce mai nauyi: kushewun waliyyai 99 suna kewaye da shi, jama'a suna zuwa ziyara daga nesa, tsuntsaye suna sauka a kansa daga wasu ƙasashe, har an shigar da shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Tun da amfanin na kowa ne, tsaron ƙofar ma bai kamata a bar shi ga hankalin mutum ɗaya ba. Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin masunta da jami'an gandun daji da ma'aikatar magajin gari suna iya zama su yanke cewa duk kayan su da ya zo daga wani ruwa sai an gani an shanya, duk mai kawo 'ya'yan kifi sai ya faɗi inda ya samo su, a rubuta a littafi. Kuɗin wannan littafi da ladan wanda zai riƙe shi kaɗan ne idan aka gwada su da hasarar da za a tsare.

Ga samarinmu masu niyyar keji kuma, ba na hana ku, sana'a ce mai albarka in an shiga ta da ilimi. Sai dai ku sani keji yana son ruwa mai zurfi wanda ba ya janyewa da bazara, tafkinmu kuwa kun ga yadda yake tsukewa da rani, ga yashi yana cike shi, saboda haka a auna zurfi a watan da ruwa ya fi ƙaranci kafin a sayi ko ƙarfe ɗaya. In kun zauna lissafi, bayan kuɗin keji da na iri da na abinci, ku buɗe layi na huɗu ku rubuta masa wanki da gyaran raga, domin ko babu makankari gansakuka tana nan, kuma ku ajiye ragar canji tun ranar farko.

Wanda kuma ya ɗaga igiya ko ya kife jirgi, ya ga wasu ƙananan makankari masu launin zinariya sun yi curi sun maƙale da zare, in ya ja sai da ƙarfi suke ɓallewa, kada ya kankare su ya mai da su ruwa. Ya ɓamɓaro curin ya sa a kwalba, ya lura da wurin da ranar, ya kai wa jami'an gandun daji da ruwaye na Madarunfa, ya kuma sanar da Sarkin Ruwa a yinin nan, domin a dakatar da fitar da jirage da komaye daga wannan ruwa zuwa wani har masana su duba.